Tsinken Tsintsiya da Kalkuleta Mai Zane

Laccar da aka gabatar a taron malaman lissafi na makarantun sakandare

 

Shugaban wannan zama, Allah ya ƙara maka lafiya. Iyayena da malamaina da ke layin gaba, waɗanda wasunsu suke riƙe da alli tun ban san damana da haguna ba, ina neman izininku in yi magana a gabanku. 'Yan'uwana malamai maza da mata, da 'ya'yanmu ɗalibai da na hango can baya sun takure kamar an kawo su gaban alƙali, barkanmu da warhaka.

An ce in yi bayani a kan kalkuleta mai zanen giraf, da yadda za a yi aiki da ita a ajin lissafi. Ga ta nan a hannuna. Ta ɗan fi tafin hannu tsawo, tana cin ƙananan batura huɗu, wani tsohon ɗalibina ne ya kawo mini ita tsaraba. Amma kafin in kunna ta, bari in nuna muku wani abu da na taho da shi a aljihu ɗaya da ita. Tsinken tsintsiya ne. Na ga wasu suna murmushi, na kuma san dalili.

Duk wanda ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO ya san aikin tsinken nan. Za a ba ka jumlar lissafi, a ce y = x² − 2x − 3, a ba ka teburi mai gurabe a ce ka cike. Ka sa x ya zama −2, y ya fito 5. Ka sa −1 ka sami 0, ka sa 0 ka sami −3, ka sa 1 ka sami −4. Daga nan abin ya juya ya kama hawa: −3, 0, 5. Sai ka jawo takardar giraf mai ƙananan gidaje, ka ja layin kwance, ka ja na tsaye, ka bi ma'aunin da aka gindaya maka, ka ɗiga ɗigo bakwai. Sauran aikin shi ne inda hannu ke rawa, wato haɗa ɗigon nan bakwai da lanƙwasa mai santsi, babu karaya babu kwana. Nan ake zaro tsinke a tanƙwara shi a kan ɗige-ɗigen, a danne da yatsu, wani har haɓa yake sawa, sannan a bi gefensa da fensir. Yaro mai hanzari zai ci minti ashirin. Wannan na'ura kuwa, kafin ka sauke numfashi ta gama.

To, mu karya tsinken ke nan? Na ji malamai sun rabu biyu a kan wannan. Wasu sun ce na'urar nan lalata yara za ta yi, a bar su su sha wuyar da muka sha. Wasu sun ce zamani ya wuce takardar giraf, ɓata lokaci ce. Ni dai kowane ɓangare ina da ja da shi, amma ba zan faɗi inda na tsaya ba sai mun leƙa cikin na'urar mun ga abin da take yi da gaske.

Mu ɗan koma baya tukuna, domin giraf kansa baƙo ne a lissafi in aka kwatanta shi da aljabara. A Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekarar 820 miladiyya, Muhammad ɗan Musa al-Khawarizmi ya rubuta littafinsa na hisabin jabru da muƙabala, littafin da daga sunansa kalmar aljabara ta fito. A cikinsa akwai wata mas'ala da nake so ku riƙe mini ita a rai, don za mu dawo kanta. Da rubutunmu na yau ita ce x² + 10x = 39. Malamin bai yi amfani da x ba, da kalmomi ya warware ta, ya kuma kafa hujja da zanen murabba'i. Ya raba 10 biyu ya sami 5, ya ninka 5 da kansa ya sami 25, ya haɗa da 39 ya zama 64, tushen 64 shi ne 8, ya cire 5, saura 3. Ku gwada: 9 a tara da 30, 39 cif.

Bayansa da kamar ƙarni biyu da rabi, Umar al-Khayyam na Naisabur, wanda duniya ta fi sani da waƙa alhali gwanin lissafi ne, ya tunkari jumlolin da suke da x³. Dabararsa ita ce ya zana lanƙwasa biyu, misali da'ira da farabola, ya duba inda suka gamu, nan amsa take. Sai a 1637 Bafaranshen nan Rene Dekart ya fitar da littafinsa na jometiri, inda ya ɗaura wa aljabara da zane aure: kowace jumla mai x da y tana da siffa, siffa kuma ana iya mayar da ita jumla. Shi ne ma ya yaɗa al'adar kiran abin da ba a sani ba da x, y, z, wanda aka sani kuma da a, b, c. Daga nan har kusan shekara ɗari uku da hamsin, ɗalibin da ke son ganin siffar jumla ba shi da abin dogaro sai fensir da haƙuri.

A 1985 kamfanin Casio na ƙasar Japan ya fitar da fx-7000G, kalkuleta ta farko mai zanen giraf da ta shiga kasuwa. Kamfanin HP ya biyo baya a 1987, Texas Instruments na Amurka kuma ya fito da TI-81 a 1990. Wasu malaman lissafi biyu na Jami'ar Jihar Ohayo, Franklin Demana da Bert Waits, su ne suka ɗauki abin a ka, suna tara malaman sakandare suna koya musu yadda za su shigar da na'urar aji. Ku lura da wannan, ranku ya daɗe: malamai aka fara horarwa. Zuwa 1995 hukumar da ke shirya jarrabawar AP a Amurka ta wajabta kalkuleta mai zane a takardar kalkulas. Da jarrabawa ta buƙace ta, sai kowane uba ya saya, ko yana so ko ba ya so. Haka TI-83 ta 1996 da TI-84 Plus ta 2004 suka mamaye azuzuwan ƙasar.

Yanzu mu kunna ta. Akwai jerin maɓallai biyar a ƙarƙashin gilashinta. Na farko an rubuta masa Y=, nan kake shigar da jumlarka. Na ƙarshe shi ke sa ta yi zane. Na biyu an rubuta masa WINDOW, wato taga, kuma in za ku manta duk abin da na faɗa yau, ku bar mini wannan maɓalli.

Gilashin nan da kuke gani ba shafaffe ba ne kamar takarda. Ƙananan gidaje ne, 96 a kwance, 64 a tsaye, jimla 6,144, kowane gida ko dai baƙi ne ko fari. In ka ba ta jumla, abin da take yi shi ne ainihin abin da ɗalibinka ke yi a teburinsa. Ta ɗauki x na farko a gefen hagu, ta lissafa y, ta baƙanta gida ɗaya. Ta matsa gaba taki ɗaya, ta sake. Ɗalibi yana yin ɗigo bakwai, ita tana yin 95, sannan ta haɗa kowane ɗigo da maƙwabcinsa da ɗan gajeren layi miƙaƙƙe. Shi ke nan sirrinta. Ba ta san farabola ba, ba ta san abin da ke tsakanin ɗigo da ɗigo ba, abin da ke wajen gilashi kuwa ko a jikinta.

In ba ka gaya mata komai ba, tagar da take buɗewa daga −10 ce zuwa 10 a kwance, haka ma a tsaye. Nisan 20 ke nan aka raba taki 94. Shi ya sa in ka bi layin da maɓallin bin sawu, taki ɗaya daga tsakiya sai ka ga x ya zama 0.21276596, yaro ya zaro ido ya ce Malam daga ina wannan lamba ta fito? Daga 20 a raba 94 ta fito. Masu na'urar sun san da wannan, shi ya sa suka tanadi wata taga daga −4.7 zuwa 4.7, don kowane taki ya zama 0.1 daidai.

Mu dawo kan mas'alar al-Khawarizmi. Na shigar da y = x² + 10x − 39, na bar tagar yadda na same ta, na danna. Waɗanda ke kusa, me kuka gani? Wani ɗan layi ne kusan miƙaƙƙe, ya taso daga ƙasa a tsaye kamar tabarya, ya ratsa layin kwance a kan 3, ya fice ta sama. Da yaro ne zai rantse maka cewa wannan miƙaƙƙen layi ne mai amsa ɗaya. Yanzu bari in faɗaɗa tagar: a kwance daga −20 zuwa 10, a tsaye daga −70 zuwa 20. Kun gani? Ƙwarya ce guda, gindinta yana can ƙasa a inda x yake −5, y yake −64, kuma ta ratsa layin kwance sau biyu, a kan 3 da kuma a kan −13. Ku gwada shi ma: 169 a cire 130, saura 39.

Al-Khawarizmi bai kawo −13 ba domin a zamaninsa ba a lissafa lambar da ta gaza sifiri a matsayin amsa. Uzurinsa a fili yake. Amma ga na'urar ƙarshen ƙarni na ashirin ta ɓoye mana amsar nan tak, kuma ba ta yi ƙarya ba ko kaɗan. Abin da ke cikin tagar ta nuna. Wanda ya leƙa ta tagar ɗaki ya hango wutsiya, shi zai san ko ta saniya ce ko ta jaki, in ya taɓa ganin dabbobin. Ɗalibin da ya san cewa duk jumla mai x² ƙwarya take bayarwa, ko a ɗage ko a kife, da ya ga tabaryar nan zai ce a'a, saura na waje, a buɗe taga. Wanda bai sani ba zai kwafe abin da ya gani ya kawo maka, yana murna.

Na ga wannan da idona. Wata rana na ba wata yarinya na'urar a aji, mai ƙoƙari ce ƙwarai, na ce ta zana y = x² + 20. Ta danna, gilashi ya fito fayau, babu komai sai layuka biyun nan da suka gicciya. Ta sake dannawa. Ta juya na'urar ta buga bayanta a tafin hannu kamar yadda ake yi wa tocila. Sannan ta ce, "Malam, batirinta ya mutu." Na ce, "'Yata, in x sifiri ne, y nawa ne?" Ta ce ashirin. Na ce, "Tagar taki ina ta tsaya a sama?" Ta yi shiru, can sai ta rufe baki da hijabi tana dariya. Ban ƙara cewa komai ba, da kanta ta ɗaga tagar zuwa 50, ƙwarya ta bayyana.

Akwai sauran tarkuna, zan bi ta kansu da sauri, sai guda da zan ɗan tsaya. Na'urar tana da maɓallin ɗebewa daban, na mainos ɗin da ke gaban lamba daban, in ka musanya su sai ta ƙi aiki ko ta ba ka wani abu dabam. Da'ira a tagar farko kamar ƙwai take fitowa, domin gidajen kwance sun fi na tsaye yawa alhali duka an ce su ɗauki nisan 20. In ka nemi gindin ƙwaryar jumlarmu ta farko, wato x² − 2x − 3, wanda muka san yana kan 1 daidai, wani lokaci sai ta ce maka 0.9999 da 'yan kai, domin lalube take yi har ta matso kusa. Baka kuma ba abin wasa ba ne: 1/(x − 2) daban, 1/x − 2 daban, yaran da ke ƙyuyar sa baka suna zana jumlar da ba ita aka ba su ba. Ita ma 1/(x − 2) ɗin, tsofaffin na'urori irin tawa sukan ja mata wani layi a tsaye kusa da 2, inda jumlar ba ta da amsa sam. Dalili? Ɗigo ɗaya yana can ƙasa, na gabansa yana can sama, ita kuwa an ce ta haɗa maƙwabta, sai ta haɗa.

Wanda zan tsaya a kansa shi ne na kusurwa, don yana cikin manhajarmu. Mun saba ba yara y = sin x daga digiri 0 zuwa 360, a sami tudu ɗaya da kwari ɗaya. To na'urar tana da ma'aunin kusurwa iri biyu, digiri da radiyan, kuma sau da yawa a kan radiyan za ka same ta. In yaro ya buɗe taga daga 0 zuwa 360 bai sauya ma'auni ba, ya umarce ta ke nan ta cusa tudu da kwari sama da 57 a cikin taki 94. Kowane zagaye bai sami ko ɗigo biyu cikakku ba. Abin da zai fito wani kwaramniyar zane ne mai kama da haƙoran zarto, wanda ba shi da alaƙa da siffar gaskiya. Yaron da ya taɓa cike teburin sin 30, sin 60, sin 90 da hannunsa, kallo ɗaya zai yi ya ce wannan ba ita ba ce.

Kada waɗanda ke adawa da na'urar su fara gyara zama suna cewa Malam namu ne. Yanzu zan juyo kanku, Allah ya gafarta muku.

Ku gaya mini gaskiya, a zangon karatu guda, giraf nawa ɗalibinku yake zanawa da hannu? Huɗu? Biyar? Kuma a cikin minti ashirin ɗin nan na kowane zane, nawa ne ya tafi a tunanin lissafi, nawa ya tafi a ƙirga ƙananan gidaje da fiƙe fensir da aron rula? Da zane biyar ba a gane halin farabola. Mutum ba ya sanin halin dawaki don ya taɓa hawan ɗaya.

Ga abin da na'urar ke iyawa wanda tsinke ba zai taɓa iyawa ba. Na shigar da jumla uku lokaci ɗaya: x² − 2x − 3, da x² − 2x + 1, da x² − 2x + 4. Lambar ƙarshe kawai na sauya. Ku duba: ƙwarya ɗaya ce, ba ta ƙara faɗi ba, ba ta karkace ba, hawa kawai take yi. Ta farko ta ratsa layin kwance sau biyu. Ta biyu ta ɗora gindinta a kansa, taɓawa ɗaya. Ta uku tana reto a sama, ba ta taɓa shi ba. Shekara nawa muka yi muna sa yara haddar cewa in b² − 4ac ya haura sifiri amsa biyu ce, in sifiri ne amsa ɗaya, in ya gaza babu amsa? Suna rerawa kamar karatun allo, ranar jarrabawa su juya shi. A nan lambobin su ne 16, da 0, da −12, ga su kuma a zane cikin minti ɗaya. Gani ya kori ji. Haka za ka yi da y = mx + c, ka riƙa sauya m yara suna kallon layi yana miƙewa yana kwantawa, har wani daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in aka sa mainos fa?" Ranar da yaro ya yi maka irin wannan tambaya ba ka roƙe shi ba, ranar ka ci albashinka da halali. Dabarar Umar al-Khayyam ma tana nan: zana lanƙwasa biyu, ka ce ta nemo magamarsu.

Bari in ba da misali na gida. Mutum yana da ragar waya mita 40, yana son ya kewaye wa kaji wuri a jikin katangar gidansa, katangar ta zama gefe ɗaya. In faɗin wurin x ne, tsawonsa 40 − 2x ke nan, filin kuma x(40 − 2x). Kafin a taɓa na'ura, nakan tambayi aji: wane faɗi ne zai ba kajin fili mafi yawa? Kowa ya rubuta hasashensa a takarda. Wani ya ce 5, wani 15, da yawa su ce a yi shi murabba'i. Sannan mu yi gardama a kan taga. Faɗi zai iya gaza sifiri? A'a. Zai iya wuce 20? A'a, raga ta ƙare. To taga daga 0 zuwa 20. A tsaye fa? Mu gwada 5, mu sami 150, ashe −10 zuwa 10 ba za ta yi mana ba, mu kai ta 250. Sai yanzu a danna. Ƙwarya ta fito a kife, ƙololuwarta a kan 10, fili murabba'in mita 200. Da 8 da 12 duka 192 suke bayarwa, da 5 da 15 duka 150. Ku lura, rabin darasin ya ƙare kafin zane ya fito, kuma zaɓen tagar nan shi ne zaɓen ma'auni da ake nema a takardar giraf. Na'urar ba ta san kaza ba, ba ta san katanga ba. In ka bar ta, za ta zana maka fili mai faɗin −7 hankalinta kwance.

To ga matsayina. Hannu ne farko. Yaro ya cike teburi, ya ɗiga, ya tanƙwara tsinkensa, sau biyu ko uku ga kowane irin jumla, har ya san daga ina ɗigo yake fitowa. Wannan ma ba zaɓi ba ne a gare mu, tunda hukumomin jarrabawarmu ba su yarda a shiga zaure da irin wannan na'ura ko waya ba, takardar giraf za a miƙa masa. Bayan nan a kawo na'ura don yawan gani. Sharaɗina ɗaya ne, kuma ba na sassauta shi: ba a danna maɓallin zane sai kowa ya yi ɗan zanen hasashe a gefen littafinsa, ko da a karkace ne. Ƙwaryar a ɗage take ko a kife? Ina za ta ratsa layin tsaye? In zanen na'ura ya yi daidai da hasashe, madalla. In ya saɓa, nan darasi ya fara, sai a binciko wa ya yi kuskure, yaron ne, ko yatsansa, ko tagar.

Na san tambayar da ke cin shugabannin makarantu da ke nan: da wane kuɗi? Gaskiya ce. Irin wannan kalkuleta sabuwa ta haura dala 100 a Amurka, kuma shekara da shekaru farashin ya ƙi sauka, alhali ƙwaƙwalwar da ke cikin TI-84 Plus, wadda ake kira Z80, ƙirar 1976 ce. Jarrabawa ce ta riƙe mata kasuwa. Ku mayar da dala 100 naira, ku ninka da yawan yaran aji ɗaya, ku da kanku za ku yi dariya. Ni ban ba kowace makaranta shawarar ta saya ba, ko da kuɗin ya samu. A gyara rufin aji da shi.

Abin da muke nema yana cikin aljihun mafi yawanku. Wani ɗalibi a Jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya, Markus Hohenwarter, ya fara manhajar GeoGebra a 2001 a matsayin aikin digirinsa na biyu. Wani Ba'amurke, Eli Luberoff, ya fito da Desmos a 2011. Duka biyun kyauta ne, suna hawa wayar Android, in ka sauke su sau ɗaya suna zane ko babu data. Sun fi wannan ta hannuna nesa ba kusa ba: ga launi, ga layi mai santsi, taga kuma da yatsu biyu ake buɗe ta a tsuke ta. Akwai ma wani ɗan maɓalli da kake ja da yatsa, lamba tana sauyawa, ƙwarya tana hawa tana sauka a gaban idonka. Su kansu Amurkawan, tun da jarrabawar SAT ta koma kan kwamfuta a 2024, Desmos aka saka a cikinta. Sai dai kada santsin ya ruɗe ku. Ita ma ɗigo take lissafawa ta haɗa, ita ma ta taga take nuna maka. Yaron da bai san akwai −13 ba, ba zai ja yatsa ya je nemansa ba.

Makarantu da yawa sun hana ɗalibai waya, ban kuma ce a janye dokar ba. Wayar malami ta isa a fara. Aji mai yara sittin ko tamanin, a raba su rukuni-rukuni, suna aikin teburi da hasashe, kai kana zagawa da waya a hannu, kowane rukuni minti biyu. Inda Allah ya hore majigi da wuta, to, ta kwana gidan sauƙi. Inda babu, ka kwafi abin da ke kan wayar a allo da alli mai launi, ƙwarya uku a kan layi ɗaya. Da babu gara ba daɗi.

Ku kuma 'ya'yana da ke baya, na san tun ɗazu wasunku suna lissafin cewa an samo mai yi musu aikin gida. Zai yi muku, ba musu. Amma ranar jarrabawa daga kai sai fensir da takarda mai gidaje, sai tsinken nan in ka tuna ka taho da shi.

Roƙona ga 'yan'uwana malamai ɗan kaɗan ne. Kafin ku kai abin nan gaban yara, ku zauna da shi ku kaɗai na mako guda, ku ɗauko tsofaffin tambayoyin giraf na jarrabawa ku zana su ɗaya bayan ɗaya, ku faɗa tarkunan da na lissafa da kanku, don kada yaro ya riga ku ganowa. Duk wanda ke da waya a nan kuma yana so, ya tsaya bayan sallar la'asar a wannan zaure. Za mu tura wa juna manhajar ba tare da an taɓa datar kowa ba, sannan kowa ya shigar da x² + 10x − 39 ya nemo mini amsa ta biyu da hannunsa.

Shugaba, na ci lokaci fiye da yadda aka ba ni, a yi mini afuwa.